Fuskar Lawali a Kan Ledar Garin Kunu

Da sunan Allah Mai rahama nake buɗe wannan babi, ina roƙon Ya tsare alƙalamina daga ƙari da ragi. Da ajami nake rubutawa, don shi hannuna ya sani. Wanda zai mayar da shi boko a cikinku ya ji tsoron Allah, kada ya gyara mini magana.

'Ya'yana da jikokina, ina jin abin da kuke faɗa game da shekarar ledar garin kunu, ko da kuna zaton kunnena ya yi nauyi. Wasunku na cewa tsoho ƙin hoto kawai ya yi, irin na malaman da, shi ya sa ya hana a sayar da gari da fuskar jikansa Lawali. Wasu na cewa na ƙwace yaro daga hannun kakarsa babu dalili, na bar ta da baƙin ciki. Yanzu da Falmata, uwarku, ta riga mu gidan gaskiya, kuma surukata Habsu, mahaifiyar Lawali, ta yarda in faɗa, zan ba ku labarin yadda ya gudana.

Sana'ata kun san ta. A zauren gidanmu na unguwar Birni nake rubuta Alƙur'ani, ina yi wa masu sauka zayyanar allo. Wanda ya daɗe yana zayyana ya san ana jan idon mutum kamar yadda ake jan akuya da igiya. Ka sa ja a nan, ido ya tsaya. Ka sa ruwan ɗorawa a can, ido ya bi. Ban taɓa jin tsoron wannan sani ba, don abin da nake jan ido zuwa gare shi maganar Allah ce. Autata Zuwaira a gefen wannan aiki ta tashi, ita ke dama mini tawada da ƙaro, har ta fi yayyenta maza hannu. Da ta gama lakkwal, wato makarantar boko, ta tafi Yamai ta koyi zane a na'ura. Ta dawo ta tarar da wata ƙungiyar mata a unguwar Zango suna soya gero da wake da gujiya, su niƙa, su zuba a farar leda don kunun yara. Garin mai kyau ne, amma ba ya fita. Suka roƙe ta ta yi musu zanen da za a buga a jikin ledar.

Wata rana da hantsi ta shigo zaure da takarda a hannu, ta durƙusa ta miƙo mini.

"Baba, duba ka gaya mini gaskiya."

Na duba. Jariri ne yana dariya, riƙe da ludayi. Na gane shi nan take, don ga ɗan tabon da ke gefen girarsa, ga kunnuwan gidanmu.

"Wannan ai Lawali ne. Amma wa ya kumbura masa kai?"

Ta yi dariya har da rufe baki.

"Ba kumburi ba ne, Baba, aiki ne. Na ƙara girman kan, na sauko da idanun ƙasa na buɗe su, na rage hancin, na cika kumatun. Haka aka koya mana. Duk abin da ka yi wa babban kai da manyan idanu, ko buta ce, zuciyar mutum za ta yi taushi a kansa. Hannu zai kai kafin hankali ya zo."

"Kafin hankali ya zo," na ce. "To in hankali ya zo daga baya fa?"

"Ya tarar an riga an saya," in ji ta.

Na tambaye ta ko ta nemi izinin iyayen yaron. Ta ce yayanta Mamman Sani, uban yaron, wanda lokacin yake koyarwa a Gaffati, sai ƙarshen mako yake dawowa, ya gani ya yi dariya ya ce a buga. Habsu kuwa da aka nuna mata ta kau da kai, ba ta ce komai ba. Aka ɗauki shirunta yarda. Ni ma ban hana ba. Na dai ce zuciyata ba ta kwanta ba.

Ran kasuwa na shiga kasuwar Dole sayen takarda, sai na ga kamar an cire mini yana daga ido. Fitila mai caji da kunnuwan kyanwa. Tarmus na shayi da idanu zuru-zuru a ciki. Sabulu mai ɗan agwagwa, takalmin roba mai murmushi, har maganin sauro, abin da aka yi don kisa, an zana masa kumatu. Shekara da shekaru ina wuce su ban lura ba. Na tsaya gaban wani mai tebur na ɗauki wata fitila na tambaye shi bambancin fitila mai ido da marar ido.

"Haske ɗaya ne, Malam. Amma mai idon ta fi fita. Mata in sun ɗauka ba sa iya ajiyewa."

Yana magana ina saurare, sai na duba na ga babban yatsana yana shafa kan fitilar, kamar yadda nake shafa kan jikokina. Na ajiye ta da sauri na nemi tsarin Allah. Tausayin jariri Allah ne Ya dasa shi a zuciyar ɗan Adam don kada a yar da mai rauni. Ga shi wasu da ban san su ba, a garuruwan da ban taɓa zuwa ba, sun auna wannan tausayi, sun san faɗinsa da tsawonsa, suna ɗora shi a kan roba. Tun daga ranar ban ƙara yarda da wani kaya mai kallona ba.

A nan sai na yi wa ƙananan cikinku bayani, don abin ya fara gushewa. A gidajenmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ya dame ta. In an yaye shi, sau da yawa kaka ko gwaggo ce ke ɗauka. Haka aka yi wa Falmata. 'Yarmu ta fari, ranar da aka cire ta daga nono aka tafi da ita Garagumsa wurin yayata, can ta girma, can aka yi mata aure. Falmata Babarbariya ce mai taurin rai, ba ta zubar da hawaye a gaban kowa ba. Don haka da aka yaye Lawali aka tsallaka tsakar gida da shi zuwa ɗakinta, ta karɓe shi kamar wadda aka mayar wa abin da ta daɗe tana jira. Ba ta kiransa sai maigidana. In na shigo na same shi a kan tabarmata sai ta ce:

"Malam, ka nemi wuri, mai gidan ya riga ka."

"Mai gidan da ba ya cefane?"

"Ya fi wanda ke cefanen kuka kullum."

Habsu kuwa, 'yar Tirmini, yarinya mai kawaici, tana girki, tana shara, tana wuce ɗanta a tsakar gida kamar turmi ta wuce. In dole ta ambace shi sai ta ce yaron nan. Kowa na yaba tarbiyyarta, ni ma ina cikin masu yabon.

Ledar ta fito, gari ya karɓu. Ba ɗan kanti ko butik ɗin da za ka shiga a Zango ko Sabon Gari ba ka ga jikana rataye a igiya yana dariya ba. Ba wanda ya riƙe sunan da matan suka sa wa garin, kowa sai ya ce a ba shi mai jariri. Na ga mace da idona ta ja kumatun ledar tana cewa kamar ta cinye shi. Babu tubarkalla, babu masha Allah, don a ganinta leda ce. Daga nan mata suka fara sallama a gidanmu, wai sun zo ganin jaririn leda. Lokacin yaro ya fara gudu, ya miƙe, kumatun yaye sun zube. Wata ta dube shi ta ce:

"A'a, wannan ne? Ai na ledar ya fi shi kyau. Me ya same shi ya rame haka?"

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi," in ji Falmata. "In ledar kike so, tana butik. Tashi ki ba ni wuri."

Da damina ta yi tsakiya zazzaɓi ya kama Lawali, mai tsanani. Muka kai shi likita aka ƙara masa ruwa, ni kuma na yi masa rubutu da tofi. Allah Ya tashe shi, amma ya tashi kamar kara, ga ƙuraje a baki, ga rigima. Ya ƙi cin abinci a hannun kakarsa, abin da bai taɓa yi ba. Falmata ta ce bakin duniya ne, an rataye mata yaro a kasuwa kowa na yaba shi babu sunan Allah. Ni na san kambun baka gaskiya ne, amma na san sauro ma gaskiya ne, don haka na yi shiru. Duk kwanakin jinyar Habsu ba ta shiga ɗakin ba. Ta dama kunu ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce "Iya, ga shi," ta juya.

Falmata ba ta yar da ledar garin in ta ƙare. Tana wankewa ta soke a ƙusa a madafa, don zuba kuka da daddawa. Wata safiya ina fiƙe alƙalami ta leƙo zaure, abin da ba ta saba ba.

"Malam, zo ka ga abin da ake yi mana a gidan nan."

Ta zube ledoji a gabana. Kowace da rami a tsakiya. Ludayi na nan, ɗan hannun na nan, rubutun na nan, fuska ce babu. Na ɗaga ɗaya a haske. Wanda ya yanka bai yi gaggawa ba. Almakashi ya bi kumatu a hankali, ya zagaye kunne bai taɓa shi ba. Ni malami ne, na san irin mutanen da ke zuwa zaure su rage murya, su fito da gashin wani, ko ƙyallen rigarsa, ko ƙasar sawunsa, a zamanin nan kuma hotonsa, su ce a yi musu aiki. Ina korarsu, amma na san akwai zaurukan da ba a kora. Ga yaro ya tashi daga ciwo yana ƙin abinci, ga fuskarsa ana yankewa a cikin gidana.

Zato ya shige ni, kuma zato ba ya zama wuri ɗaya. Na zargi maƙwabciyarmu mai koko, wadda cinikinta ya ragu tun da mai jariri ya fito. Na zargi mai kawo mana ruwa, don yana shiga har madafa. Na zargi matan da ke zuwa kallo. Har gaisuwar mutane a masallaci na fara aunawa, in wani ya ce ya jikin yaron sai in dube shi sau biyu. Falmata kuwa zatonta wuri ɗaya ya tsaya.

"Mai koko na da ledar nan a kowace butik, me zai kawo ta ƙusata? Na cikin gida ne. Kuma mutum ɗaya ke da ɗan almakashin ɗinki a gidan nan."

"Falmata, ji tsoron Allah. Uwarsa ce fa."

"Ban ce tana son kashe shi ba. So take a juyo mata da zuciyarsa. Ta aika wa wani boka can ƙauyensu, aikin ya faɗa wa jikin yaro. Ba ka ga ya ƙi hannuna ba?"

"Yarinyar da ko kallonsa ba ta yi?"

"Kunya daban, wannan shirun daban. Ni na yi kunyar, na san kamarta. Ko ta tafi gidansu kafin mijinta ya dawo, ko ni in ɗauki maigidana in bar muku gidan."

Kun san abin da wannan ke nufi. Matar da aka mayar gidansu da sunan ta yi wa ɗanta asiri, ko ta dawo, sunan ba ya barinta. Auren Habsu da mutuncinta suna hannuna, kuma ba ni da abin da zan kare ta da shi sai kyakkyawan zato, shi ma ya fara raguwa. Suruki ba ya shiga ɗakin matar ɗansa, ba ya tsare ta da tambaya. Sai na ce wa Falmata ta ba ni lokaci, ta mayar da sabuwar leda ƙusa. Na kwashe allunana na dawo da su tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, wai iskar zaure ba ta busar da tawada. Na zauna ina aiki, idona ɗaya na madafa.

Ban daɗe ina wannan gadi ba. Wata rana bayan an sauke tukunya, Falmata ta shiga shimfiɗa yaro, na ga Habsu ta tsaya a bakin madafa. Ta duba dama, ta duba hagu. Ni ta ɗauka na dulmuya a zayyana. Ta zare ledar daga ƙusa, ta naɗe, ta soke a bakin zanenta, ta shige ɗaki. Alƙalami ya tsaya a hannuna har tawada ta ɗiga ta ɓata allon wani bawan Allah.

Bayan azahar na aika aka kira Zuwaira, don ina son a yi maganar gaban wadda ta zana. Na zauna a kan buzu, Falmata a kujerarta. Na sa Zuwaira ta kira Habsu. Ta zo ta durƙusa nesa, ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ɗiyata," na ce, "ban kira ki don in tozarta ki ba. Na ga kin ɗauki leda. Abin da kike yankewa, ina kike kai shi?"

Ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na motsi.

"Ki faɗi sunan bokan, a huta," in ji Falmata.

Habsu ta ɗago kai da sauri kamar an watsa mata ruwan zafi, ta sake sunkuyawa. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wata 'yar kwalla mai murfi daga cikin jerenta. Ta ajiye a gabana ta koma inda take.

Na yi bismilla na buɗe. Fuskoki ne, an jera su ɗaya kan ɗaya, duk suna kallon sama suna dariya. Na yi musu binciken da na iya. Na juya bayan kowace, babu rubutu, babu hatimi. Babu gashi, babu zare mai ƙulli, babu garin magani. Na shinshina, ba turaren tsafi, sai ƙanshin man shafawa na mata. Sai na lura da wani abu. Na ƙasan, waɗanda suka fi daɗewa, fentinsu ya goge a goshi da kumatu har farar leda ta fito. Na san irin wannan gogewar. Haka gefen takarda ke yi a surar da mutum ya fi karantawa.

"Me kike yi da su?" na tambaya, ko da yake na riga na fara ganewa.

Muryarta da ƙyar ta fito daga cikin mayafi.

"Baba, shi wannan ba a hana ni kallonsa ba."

Ta ci gaba, kamar wadda in ta tsaya ba za ta iya sake farawa ba.

"In na rufe ƙofa ina kiran sunansa. Da yana kwance ba lafiya, ina jin kukansa ta katanga, sai in ɗauko wannan in rarrashe shi. In ɗaya ta goge sai in yanko wata. Wallahi iyakar abin ke nan."

Zuwaira ta sa hannu ta toshe bakinta. Falmata ta daɗe tana kallon kwallar, sa'an nan ta ce, ba da ƙarfi ba:

"Mu ma haka aka yi mana. Ba mu mutu ba."

Ta tashi ta shiga ɗakinta. Maganar boka da tafiya gida ba ta sake tasowa ba, kuma wannan shi ne neman gafarar da Falmata ta iya.

Kowa ya ɗauka magana ta ƙare lafiya, ni kuwa a nan tsorona ya fara. Asirin da na yi zato ina da addu'ar da zan yi a kansa. Wannan fa? A gidana akwai uwa mai ƙaunar ɗanta kamar ranta, akwai yaro da ya tashi daga ciwo yana neman hannu, tsakaninsu taku kaɗan. Amma rarrashin da aka yi dominsa ya tafi kan leda. Ledar kuma an yi ta ne da gangan don ta karɓi irin wannan, ba ta kuka, ba ta majina, ba ta rama, ba ta girma. Al'adarmu ta rufe ƙofa, zanen Zuwaira ya buɗe taga zuwa wani wuri dabam. Na yi istihara, na kwana a kan maganar, na wayi gari da shawara biyu.

Ta farko na gaya wa Zuwaira, a cire fuskar Lawali daga ledar. Ta yi gardama, kuma da hujjarta.

"Baba, matan nan da wannan fuska suka tsaya da ƙafafunsu. In na cire, gari zai koma kwanciya. Kuma garin na da amfani, ba ƙarya muke sayarwa ba."

"Garin ba ƙarya ba ne. Yaron da ke jiki ne ƙarya, kuma da kunnen jikana aka yi ta. Ki nemi wata dabara."

Ta yi fushi ta daina zuwa gidan na wani lokaci. Cinikin matan ya ja baya, wasunsu sun daina gaishe ni a hanya, ban ga laifinsu ba. Daga baya ta zana ƙwayar gujiya, ta yi mata babban kai da manyan idanu, ta ba ta ludayi. Gari ya sake fita. Ta kawo mini tana jiran yabo. Na ce ita ma ban yarda da ita ba, amma dai gujiya ba ta da uwa.

Shawara ta biyu ita ce mai nauyi. Da hantsi na shiga ɗakin Falmata na same ta tana sa wa yaro riga. Na gaya mata zai koma wurin uwarsa, da rana ya zo mata duk lokacin da ya so. Ba ta ɗago ba. Ta gama sa maɓalli, ta shafa masa mai a fuska, ta ce:

"Sau biyu ke nan, Malam. Na farko ka ce al'ada ce. Wannan kuma me za ka ce?"

Na kama hannun Lawali muka tsallaka tsakar gida. Na tsaya nesa da ƙofar Habsu na yi sallama. Ta fito ta durƙusa. Yaron ya maƙale a ƙafata yana waiwayen ɗakin kakarsa, hanci na zuba, bakin nan duk ƙuraje, wuya kamar zare. Habsu ta dube shi. Abin da na gani a fuskarta ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau, kuma da izininta nake rubutawa. Na ɗan lokaci kaɗan, kamar ƙiftawar ido, ta dube shi kallon baƙo. Idonta ya saba da mai kumatun. Ita kanta ta gaya wa Zuwaira daga baya cewa ta ji tsoron kanta a wannan lokacin. Wannan ƙiftawar ido ita ce shaidar dalilina, ku da kuke cewa ba ni da dalili.

"Ɗiyata, ga ɗanki. Na ɗauke miki kunyarsa a cikin gidan nan. Wanda ya yi magana ki ce ni na sa ki. Kira shi."

Bakinta ya motsa, sauti bai fito ba. Na gane a gabana ba za ta iya ba. Na zare ƙafata daga hannun yaron, na juya na nufi zaure, yana ta tsala kuka. Sai da na kai bakin ƙofa na ji ta a bayana, a hankali.

"Lawali. Zo, Lawali."

Bai zo ranar da daɗin rai ba. Ya yi kwanaki yana gudu ɗakin kakarsa, tana mayar da shi da hannunta. Mamman Sani da ya dawo ya ji labari ya sunkuyar da kai, ya ce yadda na yi ya yi. Dangi sun yi surutu, wai Malam ya tsufa ya fara rusa abin da ya tarar. Falmata ta daina kawo mini abinci da kanta har aka gama girbi, sai ta aiko. Daga baya ta dawo da kawowa, muka ci gaba da zama lafiya shekaru masu yawa. Amma wasan mai gida da cefane bai sake shiga tsakaninmu ba. Kwallar kuwa, tun ranar da aka buɗe ta Habsu ta ce ba ta so. Na miƙa wa Falmata na ce ta zuba fuskokin a murhu. Ta karɓa ta ce to.

Lawali yanzu ya fi ubansa tsawo, kuma duk gidan nan ba wanda ya kai shi shaƙuwa da uwarsa. Ban yi nadamar abin da na yi ba, ku rubuta wannan yadda na faɗe shi. Amma bara, bayan rasuwar Falmata, da mata suka shiga kwashe kayan ɗakinta, Zuwaira ta fito da wani abu a naɗe cikin tsohon ɗankwali, ta same shi a ƙarƙashin gado ta wajen kai. Ta kawo mini zaure ta ajiye a gabana. Kwallar ce. Na buɗe. Ba a ƙona ko ɗaya ba. Waɗanda na sani da sauran fenti a da, su ma sun goge, goshi da kumatu sun yi fari fat. Idanun kawai suka rage, manya, suna kallona.

Tana nan a zaure, a bayan akwatin takarduna. Na ce zan ƙona, har yau ban ƙona ba. Ba na kuma buɗe murfin, don ban yarda da abin da ke ciki ba, ban yarda da babban yatsana ba. Allah Ya jiƙan Falmata, Ya haɗa ta da abin da aka ɗauke mata, a inda ba a sake ɗaukewa.